Rigar Ruwan da Na Ɗinka Ta Raba Mijina da Babana

Gwaggo Kubra,

Don Allah ki taimake ni da shawara, kaina ya ɗaure, kuma a ƙauyen nan ba ni da wadda zan faɗa wa damuwata maganar ba ta riga ni isa rijiya ba. Ina gaishe ki da aiki. Ki yi haƙuri da Hausata, ta kasuwa ce da ta coci, ba ita na sha a nono ba. Mijina ne yake kawo jaridar nan daga Kafanchan, in ya gama da ita ni kuma in ɗauka in buɗe filinki. Ba zan faɗi sunana ba, shi ma zan kira shi Obadiah, ba sunansa ke nan ba. In ya karanta ya gane kansa, to ya gane, na gaji da rufa-rufa.

Ni tela ce, ina ɗinki a gida a wani ƙauye bayan Madakiya. Obadiah malamin firamare ne a Kafanchan. Da can in ya fita bakin kwalta mota yake shiga, amma tun da SAP ɗin nan, tsarin tsuke bakin aljihu na gwamnati, ya shigo mota ta fi ƙarfinmu, sai ya koma kan tsohon kekensa, safe da yamma, rani da damina. Hanyar da ta fita daga ƙauyenmu zuwa kwalta guda ɗaya ce, kuma ta ƙofar gidan babana ta bi.

A wajenmu suruki ba ya wuce uban matarsa a kan keke, ko shi wane ne. Akwai mangwaro a ƙofar gidan Baba. Tun kafin ya kai gindinsa Obadiah yake dirowa, ya cire hula, ya turo keken da hannu, ya jingine shi, ya durƙusa ya yi gaisuwa, ba kuma zai sake hawa ba sai ya wuce ƙarshen shingen gidan. In Baba ba ya waje sai ya rage gudu ya kaɗa ƙararrawa, na ciki su amsa. Tun yana nemana yake haka, ga shi yau 'yarmu Irene har ta shiga makaranta, bai taɓa fashi ba. Ranar da ya makara ma haka zai tsuguna Baba ya yi ta tambayarsa lafiyar kaji da awaki, ya je ya sha faɗan hedimasta. Iyaye har misali suke yi wa samarinsu da shi. Baba kuwa, ko zancen farashin citta ake yi, ba a daɗewa zai jawo maganar surukinsa tica.

Daminar bara ruwa ya yi ta dukan Obadiah a hanya har sanyi ya kama masa haƙarƙari. Mun kwanta a asibiti, na ga mutum yana neman numfashi kamar zai tafi ya bar ni da yarinya. Likita ya ce in ya kuskura ya sake irin wannan jiƙewa, kada a yi kuka da kowa. Renkot, wato rigar ruwa ta kanti, ya fi ƙarfin malamin firamare, kuma na ga irinsa, sati biyu a kan keke ya yage a hammata. Mutanenmu buhun taki suke lanƙwasawa su kifa a ka su shiga gona, amma wannan ba ya tsare ƙirjin mai keke. Sai na ce ina amfanin ɗinkina in mijina zai mutu da ruwan sama? Na samo buhunan taki na wanke su har warin ya fita, na haɗa su biyu-biyu da ledar cikinsu, na bi kowane ɗinki da kakin kyandir don kada ruwa ya bi ramin allura. Na yi rigar doguwa, ta rufe gwiwa, ta rufe jakar littattafan yara da yake ratayawa a gaba. Na yi mata hula mai zurfi da zariya, na saka kwali a bakinta ya fito gaba kamar rumfa, saboda yana sa tabarau kuma ruwa yana makantar da shi. Matan zumuntar cocinmu suka yi ta zuwa kallo, kowace tana so in yi wa mijinta. Allah ya sani, na ji daɗin kaina a kan rigar nan.

Wata Juma'a cikin watan Yuni, mutanen wani gida daga wajen Zonkwa suka zo neman auren ƙanwata Mildred, wadda ita kaɗai ta rage tana kula da Baba tun rasuwar Mama. Baba ya sa farar babbar rigarsa ta Kirsimeti. Mildred ta ce tun da suka zauna yake cika baki, wai in suna so su san irin surukan da gidansa yake karɓa, su jira lokacin tashin makaranta, za su ga mai ilimin da ya san girman manya. Suna cikin magana hadari ya haɗo, ruwa ya tsuge kamar da bakin ƙwarya, suka fake a zaure. Da Baba ya hango keken ya taho daga kan tudu, sai ya ɗauki lema ya fito har bakin hanya, ya yafito baƙin su leƙo su gani. Gwaggo, Obadiah ya wuce shi fiu, ya faɗa ruwan da ya kwanta a gindin mangwaron, ya watsa masa jan taɓo tun daga ƙirji har ƙasa. Baba ya ƙwala masa kira da sunansa, ko waiwaye bai yi ba. Wani saurayi cikin baƙin ya tuntsire da dariya, babbansu ya daka masa tsawa, amma ai kowa ya riga ya ji.

Shi kuwa ya iso gida yana washe baki, ya cire rigar yana nuna mini tagiyarsa da tufafinsa a bushe, wai yau ya san tela ya aura. Ban gama jin daɗin yabon ba sai ga Mildred jiƙe sharkaf, tana kuka tana zaginmu. Obadiah ya jawo Littafi Mai Tsarki zai rantse bai ga kowa ba. Wai tayar gaba kaɗai yake gani, tabarau ya yi gumi, birki ba ya kamawa a gangaren nan in taya ta jiƙe, kuma wa zai zaci tsoho zai fito cikin irin wannan ruwa? Na yarda da shi, don washegari ni da kaina na sa rigar na tsaya cikin ruwa, Irene tana gefena tana kirana, ban gan ta ba, ban ji ta ba. Ƙarar ruwa a kan ledar nan daidai take da ta rufin kwano.

Tun a yammacin na ce ya tashi mu je. Ya ce a bari zuciyar Baba ta huce. Asabar na yi magana, ya ce gobe. Lahadi bayan sujada na yi magana, ya ce ai gobe Litinin dole ta nan zai bi. Litinin ya je ya sauka yadda ya saba, ya durƙusa, Baba ya dube shi sama da ƙasa, ya ɗauki kujerarsa ya shige gida. Obadiah ya zauna a tsugune cikin laka, masu tafiya gona suna wucewa, 'yan makaranta suna wucewa suna leƙensa. Can Baba ya aiko Mildred ta ce masa wai hanya ta gwamnati ce, ya wuce yadda ya wuce ran Juma'a. Wai wanda ya san ya yi laifi ba ya biyowa da ban haƙuri a kan hanyarsa ta zuwa aiki, da dattijo yake zuwa, da akuya a igiya, kamar yadda aka gada.

Nan fa aka tsaya. Obadiah ya ce ba zai kai akuya ba ko za a raba auren, don akuya ta wanda ya raina suruki ce, in ya kai ya amsa ke nan cewa da gangan ya yi. Wai duk shekarun da ya yi yana cinye gwiwar wandonsa a ƙofar nan, yini ɗaya ya share su? Na ɗauki rigar na kai wa Baba, na roƙe shi ya sa ta ko sau ɗaya ya ji yadda take toshe ido da kunne. Ko taɓa ta bai yi ba. Ya ce shi ba ga riga ya aurar da 'yarsa ba, ga mutum ya aurar, kuma tun da na zama lauyan mijina in kwashe buhuna in fita masa daga gida. Ni da ubana, Gwaggo! Mutumin da nake kai wa tuwon acca duk Lahadi, yanzu kwanon yake dawowa yadda na kai shi.

Da na ga abin yana neman yin nisa, sai na ce wa Baba ai Obadiah ya yi nadama, zai zo ran Lahadi da Dattijo Gregory, abokin Baba ne tun suna yara kuma dattijon ikilisiyarmu. Na ɗauka in na sa rana, kunya za ta sa mijina ya je. Wace 'ya ce ba za ta yi haka ba? Baba ya sa aka share ƙofar gida, aka shimfiɗa tabarmi, Mildred ta dama kunu, ya kira ƙannensa suka zauna har rana ta faɗi. Obadiah ya ce wanda ya yi alkawarin ya je ya cika. Kunun nan awaki aka ba. Dattijo Gregory kuma ya ce shi a shirye yake, amma sai mai laifin ya zo da bakinsa, ba ya karɓar aike daga mata.

To ga abin da ya sa na rubuto. Tun daga ranar Obadiah ya daina bin hanyar. Akwai wata 'yar turba ta masu itace da ta zaga ta bayan gidajen, ta cikin gonakin citta, ta gangara wani rafi kafin ta hau kwalta. Da rani yaro ma tsallake shi yake yi. Yanzu mijina sai ya tuɓe wando ya ɗaura a ka, ya saɓa keke a kafaɗa, ya shiga ruwa har ƙugu, ranar da aka kwana ana ruwa har ƙirji. Makon jiya ruwan ya ƙwace masa takalmi ɗaya, ya dawo da littattafan yara sun zama kunu. Rafin nan ya taɓa cin mutum, kowa ya sani, kuma Agusta ba ta ma shigo ba. Rigar kuwa tana rataye a ƙusa, ya ce ba zai sake sa abin da ya jawo masa wulaƙanci ba. Haka yake tafiya ruwa na dukansa ta sama, rafi na dukansa ta ƙasa. Tarin ya dawo. Matan da suke ciyawa a gonakin citta sun ce mini kullum in ya zo daidai bayan gidan Baba, inda ake hango rumbuna, sai ya sauka ya cire hula ya yi ta tura keken da hannu, sai ya yi nisa ya sake hawa, alhali wurin tsakuwa ce, ba laka ba tudu. Suna faɗa suna dariya. Ni ban ga abin dariya ba, na san ƙirjin ne ya fara gazawa, mutum ya kasa tuƙa keke a miƙaƙƙen wuri.

Baba shi ma bai bar ni na huta ba. Kullum da safe, da kuma lokacin tashin makaranta, sai ya fito da kujerarsa gindin mangwaron ya zauna ya zuba wa hanya ido, ko ana yayyafi, da tsohuwar lemarsa mai karyayyen ƙarfe. Gadin hanya yake yi don kada mijina ya kuskura ya biyo, ni na san halin ubana. Farar rigar ma ya hana a wanke, tana rataye a ɗakinsa da taɓonta ya bushe, duk wanda ya zo gaisuwa sai ya gani. Mutanen Zonkwa ba su dawo ba, Mildred ta ce ni na kashe mata aure da ɗinkina na iyayi.

Sai kuma sabuwa ta fito. Obadiah ya ji wai ana neman malamai a wajen Kauru, ya ce in an yi hutu cikin Agusta zai hau kekensa ya je da kansa ya nemi a mayar da shi can, mu kwashe mu bar musu ƙauyen. Kauru fa, Gwaggo, a kan keke, a tsakiyar damina, da wannan tari! Akwai wani Malam Abdu mai faci a kusa da kasuwar Kafanchan, wanda ya yi fatauci a kan keke ta wajen nan yana saurayi, kullum mijina yana wurinsa yana koyon hanya. Ya dawo ya zaunar da ni yana zana mini a ƙasa da tsinke, nan zai bi ta Zonkwa, nan zai bar titi ya yanki daji don ya rage nisa, nan zai kwana gidan wani katikis, malamin coci, nan akwai rafuka amma wai ai ya saba. Malam Abdu ma da kansa ya aiko mini cewa shi da rani ya san hanyar, in hana mijina. Obadiah kuwa ya yanka tsohon tib na taya ya tara abin faci, ya sayo gam, ya wanke sarƙa da kananzir, ya ɗaure galan a kariyar bayan keken yana gwadawa. Wai in soya masa gyaɗa in yi masa ƙuli-ƙuli na guzuri. Tunda muka yi aure ban ga ya shirya wani abu da irin wannan zumuɗi ba, ko bikin sunan 'yarsa.

Abin da yake ci mini rai, kowa ni yake gani. Baba ya ce na zaɓi miji, miji ya ce hulata ce ta jawo, Mildred ba ta amsa gaisuwata, matan da suka so in yi wa mazansu riga yanzu in na wuce sai su ce ga mai makantar da surukai. Ni da na kwana ina ɗiga kaki a kan buhu don mutum ya rayu! Maza biyu masu furfura a zuciya sun ɗora girman kansu a wuyana, ba wanda ya tambaye ni yadda nake kwana. Duk safiya in ya fita sai in kasa taka keken ɗinki, kunnena yana waje ina jiran a zo a ce mini an ga hularsa a bakin rafi. In kuma rafi ya bar shi, Kauru za ta ɗauke mu, in tafi in bar tsoho yana fushi da ni, ban san ko zan dawo in same shi ba.

Na yi tunanin in ɓoye famfon kekensa. Na yi tunanin in sayi akuyar da kuɗin ɗinkina in aika da sunansa. Na yi tunanin in ɗauki Irene in koma gidan Baba har sai ya zo biko, in ga ko a ranar zai sauka. Wani lokaci sai in ji kamar in cinna wa rigar wuta in huta. Ki faɗa mini wanne zan yi, don hutu ya kusa.

Ni ce,
Tela Mai Takaici, bayan Madakiya.

*

'Yata Tela,

Hausarki ta isar da saƙo sarai, kuma na ji zafin da ke cikinta. Cikin abubuwa huɗun da kika lissafa, kada ki yi ko ɗaya. Famfo a kasuwa ake sayarwa. Akuyar da ba shi ya aika ba za ta tona kanta, ki koma inda kika tsaya ran kunu. Yaji zai ba mijinki dalilin tafiya Kauru da bai da shi a da. Rigar kuma ba ta yi laifin da za a ƙone ta ba.

Mu fara da abin da ba ya jira. Mutumin da sanyi ya taɓa kama wa haƙarƙari, tari ya dawo masa, asibiti zai koma cikin makon nan, ba sai an shirya da kowa ba. Rafin nan kuma a daina shi tun gobe. Ki faɗa masa a fili, ba da kuka ba, ba da gori ba, cewa fushi da suruki abu ne da ake gyarawa, amma Irene ba ta da wani uban. In ba zai bi ƙofar Baba ba tukuna, ranar da aka kwana ana ruwa ya jira rafin ya janye, gara faɗan hedimasta. Rigarki aiki ce mai kyau, kuskurenta ɗaya ne, kin tsare ruwa kin manta mai keke da gefen ido da kunne yake tafiya. Ki rage zurfin hular, ki yanke gefe da gefe daidai ido, ki bar kunne a buɗe, kwalin ya tsaya a goshi kawai. Shi kuma in ana ruwa ya riƙa danna birki kaɗan-kaɗan tun daga kan tudu, kada ya jira sai ya zo gangare.

Yanzu ga maganar mutanenki biyu. Na yarda Malam Obadiah bai ga Baba ba. Amma hular ido ta rufe masa, ba ta mantar da shi inda gidan surukinsa yake ba, kuma ke kika ce in ba kowa a waje yakan rage gudu ya kaɗa ƙararrawa. Ranar bai yi ba. Wanda ya fi wannan nauyi shi ne kwanakin da ya bari suka wuce. Da ya koma a yammacin nan cikin ruwa, baƙin ba su tafi ba, ya durƙusa gabansu, da yanzu labarin ya zama abin dariya a gidan biki. Tsoho ya kwana uku yana sauraren ƙofa, sannan aka biyo masa da gaisuwar kullum kamar ba a yi komai ba. Wannan shi ne ciwon, ba taɓon ba.

Baba shi ma yana da nasa. Shi ya shirya nuna surukinsa ga baƙi ba tare da surukin ya sani ba, kuma ya fito a lokacin da ba mai hankalin da zai zaci ganinsa. An kunyata shi gaban mutanen da ya cika wa baki, wannan gaskiya ne, kuma da ciwo. Amma barin magidanci, malamin makaranta, tsugune cikin laka yara suna kallo, ya rama har ya wuce. Ke kuma 'yata, alkawarin da kika ɗauka da bakin mijinki ya ƙara wa tsoho kunya ta biyu gaban ƙannensa. Na san tsoro ne ya sa ki, ban kuma ga dalilin da za a ɗora miki sauran kayan ba. Ki je ki ce wa Baba ran nan ke kika yi ƙarya, ba mijinki ya aike ki ba. Zai yi faɗa, amma zai rage wa Obadiah laifi guda.

Zancen akuya, al'adarku ce, Dattijo Gregory ya fi ni saninta. Abin da na lura shi ne ba dabbar suke ja a kai ba, sunan da za a kira ta da shi ne. Mijinki ba zai kai akuyar raini ba, tunda bai raina ba, kuma ina ganin yana da gaskiya. Amma akwai kunyar da ya jawo wa tsoho gaban baƙi, akwai jinkirin da ya yi, waɗannan ba ya musunsu. Ya je wurin Dattijo da ƙafarsa ya ce ga abin da ya amsa, ga wanda bai amsa ba, Dattijo ya daidaita kalmar da Baba tun kafin ranar zama. In an zauna, Obadiah ya roƙi a ba shi farar rigar nan ya wanke da hannunsa. Mutanen Zonkwa kuma in sun ji gidan ya shirya, ba mamaki su dawo, in ba su dawo ba Mildred ba ta yi asarar abin kirki ba.

Kauru ba laifi ba ce in aiki ne ya kai mutum. Amma ba a yankar daji a kan keke cikin Agusta, wanda ya koya masa hanyar ma ya faɗa. In takardar neman canji ce, motar kasuwa za ta kai ta. In kuma yana son ya taka da kansa, ya bari ruwa ya ɗauke, likita ya sallame shi, ya samu abokin tafiya, su bi hanyar da motoci suke bi inda akwai masu faci da wurin kwana, su riƙa sauka tun rana ba ta faɗi ba. Ki ce masa a lokacin za ki yi ƙuli-ƙulin har da na abokin. Ina zaton in aka shirya da Baba, zumuɗin Kauru zai ragu da kansa.

Saura abu biyu da kika rubuta da hannunki ba ki karanta ba, saboda ɓacin rai. Kin ce Baba gadin hanya yake yi. 'Yata, mijinki ya bar hanyar nan tun watan jiya, duk ƙauye ya sani, to wa ake gadi? Mai korar mutum ba ya fitowa cikin yayyafi daidai lokacin wucewarsa, safe da yamma, ya zuba wa hanya ido. Kin kuma ce ƙirji ne yake sauke Obadiah a bayan gidan Baba. Ƙirjin da ya hau tudun Kafanchan, ya saɓa keke ya ƙetare rafi, shi ne zai gaza a kan tsakuwa, a wuri ɗaya kullum, daidai inda ake hango rumbunan surukinsa? Kuma tun yaushe ciwon ƙirji yake cire wa mutum hula?

Kin taɓa ɗaukar ƙarya tsakaninsu ta ƙone ki. Wannan karon gaskiya za ki ɗauka. Ki roƙi matan gonar citta, ko ɗaya daga cikinsu, ta faɗa wa Baba abin da take gani, daga bakinta zai fi shiga. Shi kuma mijinki, tunda kin ce jaridar nan hannunsa take fara faɗawa, bari in rage miki aiki.

Malam Obadiah, ban ce ka raina kowa ba. Kullum kana sauka, kana cire hula, kana tura keke don girman mutumin da ba ya ganinka, shi kuma yana zaune ta ɗaya gefen gidan cikin sanyi yana jiran ya ga haka. Tsakaninku shinge ne da rumbuna. Gobe ka sa rigar da matarka ta ɗinka maka, ka bi ta ƙofar gida, ka sauka a gindin mangwaro. In ya ɗauki kujera ya shige, ka yi gaisuwarka ka tura kekenka ka wuce, jibi ka sake. Tsoho ne, kuma damina ce, ba ka san safiya nawa ta rage da za ka tarar da kujerar nan a waje ba.

Allah ya ba ka lafiya, ya sanyaya zuciyar Baba. Ke kuma 'yata, Allah ya saka miki da alheri a kan kakin da kika ɗiga, ya nuna miki ranar da kwanon tuwonki zai dawo ba komai a ciki.

Gwaggo Kubra